Hajiya za ta sauka New York ranar da ake hasashen dusar ƙanƙara: a ɗaga tafiyar ko a bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu za ta tashi daga Kano ta Alƙahira, ta sauka New York ranar Talata mai zuwa, mako na biyu na watan Maris. Ƙanwata ce ta haihu a garin Albany, mijinta zai je filin jirgin JFK ya ɗauko Hajiya a mota. To yanzu ya aiko mana cewa ana hasashen guguwar dusar ƙanƙara a ranar. Shekaranjiya wayarsa ta nuna inci 14, jiya ta ce ruwan sama ne kawai, yau Alhamis kuma ta koma inci 9. Ni na ɗauka a Maris sanyinsu ya wuce. Wai masu hasashen nan sun san abin da suke faɗa kuwa? Mu ɗaga tafiyar ko mu bari? Hajiya ta haura saba'in, kuma ba ta jin Turanci."

Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya, ya kai Hajiya lafiya. Tambayoyi uku ne a cikin saƙonka, Malam. Ko dusar ƙanƙara mai ƙarfi na sauka a Maris, me ya sa lambar da waya ke nunawa take tsalle kullum, sannan wane mataki ya kamata ku ɗauka. Na yi shekaru ina rubuta hasashen yanayi ga masu kula da hanyoyi da kamfanonin manyan motoci a jihar New York, don haka hanyar da surukin naku zai bi na santa, na kuma san halin watan.

Bari in fara da abin da na fi so ka riƙe. Lambar incin da ke kan wayar ba ita za ku duba ku yanke shawara ba, musamman yau da saura kwana biyar. Abin dubawa shi ne ƙarfe nawa guguwar za ta fara, ƙarfe nawa za ta lafa, kuma a ina ruwan sama zai koma dusa tsakanin birnin New York da ke bakin teku da Albany da ke arewa cikin ƙasa. Sannan ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba jirgin ba ne. Hanyar mota ce, da kuma yiwuwar Hajiya ta maƙale ita kaɗai a Alƙahira.

Maris bai fita daga hunturu ba

A kalanda, ranar 20 ga Maris ko kusa da ita ake cewa hunturu ya ƙare a can. Sararin sama bai san da wannan ba. A watan ne rana take fara ƙarfi, kudancin Amurka ya ɗumama, amma Kanada tana nan lulluɓe da ƙanƙara da iska mai tsananin sanyi. Guguwa kuwa daga bambancin zafi da sanyi take samun ƙarfinta. Idan iskar Kanada ta gangaro ta haɗu da iska mai ɗumi da laima a gaɓar Tekun Atlantika, inda igiyar ruwan ɗumi ta Gulf Stream ke wucewa, sai guguwa ta ƙullu wajen jihohin Carolina, ta hau arewa tana bin gaɓa tana ƙara ƙarfi. Iskarta kan bugi gaɓar daga arewa maso gabas, ɗauke da laimar teku, ta juye ta a kan ƙasa.

Wasu daga cikin mafiya muni a tarihin yankin a Maris suka faɗo. Ta 11 zuwa 14 ga Maris 1888 ta kashe mutum sama da 400, ta binne Albany da kusan inci 47 (inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, ka ga ya haura mita ɗaya ke nan). Ta 12 zuwa 14 ga Maris 1993 ta taso tun daga Tekun Meziko har Kanada, ta rufe manyan filayen jiragen gabashin Amurka, Albany ta samu sama da inci 26. A 1997 mutanen Boston sun yi Lahadin Ista, 30 ga Maris, cikin ɗumi da riguna marasa nauyi, washegari dusa ta fara, kafin 1 ga Afrilu ta wuce an auna inci 25. A Maris ɗin 2018 kuwa guguwa huɗu ne suka biyo juna cikin mako uku, ranakun 2 da 7 da 13 da 21 ga wata. Saboda haka maganar surukinku ba ta da wani abin mamaki.

Me ya sa lambar take tsalle

Hasashen zamani daga kwamfuta yake farawa. Ana tattara ma'aunai daga tauraron ɗan'adam, da jiragen sama, da jiragen ruwa, da balan-balan da ake saki bisa al'ada sau biyu a rana daga tashoshi a faɗin duniya, a zuba su cikin manhajar lissafi da ke ƙoƙarin gano yadda iska za ta motsa nan gaba. Manyan guda biyu da kowa ke kallo su ne ta Amurka, GFS, wadda ake sake gudanarwa sau huɗu a rana, da ta Turai, ECMWF, mai hedikwata a Reading ta Ingila. Mafi yawan manhajojin yanayi na waya sakamakon irin waɗannan suke ɗauka kai tsaye su nuna, ba tare da wani mutum ya zauna ya tace ba. Duk lokacin da aka sake lissafi, lamba ta canja. Inci 14 da ruwan sama da inci 9 da surukinku ya gani, lissafi uku ne daban-daban, kowanne da ɗan bambancin hanyar da ya ɗora guguwar a kai.

Kuma ɗan bambancin nan shi ne komai. Masu hasashe a yankin suna da wani wuri a cikin teku da suke auna hanya da shi, inda layin digiri 40 arewa ya haɗu da na 70 yamma, kudu da tsibirin Nantucket. Idan cibiyar guguwa ta bi ta kusa da wurin, biranen gaɓa irin su New York da Boston ne ke shan dusa. Idan ta matso ta rungumi gaɓa, iskar teku mai ɗan ɗumi ta shigo, birnin New York ya samu ruwan sama, dusar ta koma cikin ƙasa, wato Albany da tsaunukan Catskill. Idan ta yi nisa cikin teku, sai a tashi da gajimare da iska kawai. Tazarar kilomita 80 ta isa ta raba waɗannan sakamako uku, alhali kuskuren kilomita 150 ko 200 a hasashen kwana biyar abu ne da aka saba gani. Wani dalilin kuma, a yau Alhamis guguwar Talata ba ta ma haifu ba. Murɗaɗɗiyar iskar sama da za ta haife ta mai yiwuwa tana can kan Tekun Fasifik, inda ma'aunai ba su da yawa. Sai ta shigo kan ƙasa balan-balan sun ratsa ta ake samun cikakken bayaninta, shi ya sa sau da yawa hasashe kan daidaita saura kwana biyu ko uku.

Mu a wurin aiki ba ma dogara da lissafi ɗaya. Cibiyar Turai tana gudanar da nata sau 51 a tare, kowanne an ɗan taɓa ma'aunan farko, na Amurka kuma sau 31. Sai a ɗora wuraren da kowanne ya ajiye cibiyar guguwar a kan taswira guda. Idan ɗigogin sun taru wuri ɗaya, mun samu natsuwa. Idan sun watse daga gaɓar New Jersey har tsakiyar teku, to duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tak ya faɗi abin da ilimin bai kai ba.

Maris kuma yana da nasa wahalar da ta fi ta Janairu. A tsakiyar hunturu sanyi ya wadata, tambayar kawai ita ce nawa za ta zuba. A Maris zafin iska yakan tsaya daf da sifili, digiri ɗaya sama ko ɗaya ƙasa, kuma wannan digiri ɗayan ne ke raba ruwa da dusa. Akwai abin da ya fi ba mu ciwon kai: wani siririn faifan iska mai ɗumi da kan kutso a sama, kilomita biyu ko makamancin haka daga ƙasa. A ƙasa ana sanyi, can ƙololuwa ana sanyi, amma dusar da ta ratsa faifan sai ta narke, ta sake daskarewa kafin ta iso, ta faɗo a matsayin 'yan ƙananan ƙanƙara masu ƙara a kan gilashi. Su ba sa taruwa da tsayi. Abin da zai ba da inci 10 na dusa, da ƙyar ya ba da inci 3 nasu.

Haka ta faru ranar 14 ga Maris 2017. An yi wa birnin New York hasashen inci 12 zuwa 20, aka rufe makarantu, aka soke tashin jirage sama da 5,000. Guguwar ta zo da ƙarfinta kamar yadda aka faɗa, sai dai ta matso gaɓa kaɗan, faifan ɗumin ya shigo da wuri, aka auna inci 7.6 kacal a Central Park da ke tsakiyar birnin. Mutanen birni suka yi ta ƙorafi an ruɗe su. A guguwar nan garin Binghamton da ke can cikin jihar New York ya samu inci 35, Albany kuma wajen inci 17. Duba wannan da kyau, domin shi ne ainihin hanyar Hajiya. Birnin da za ta sauka da garin da za ta kwana suna iya kasancewa cikin yanayi biyu mabambanta a rana ɗaya. A tsakiyar Maris 2023 ma an sake gani: ruwan sama a birnin New York, amma tuddan gabashin Albany, wajen Berkshires da kudancin Vermont, sun haura inci 30.

To sun san abin da suke faɗa kuwa? Sun sani, gwargwadon nisan ranar. Saura mako, abin da za a iya cewa shi ne yanayi ya dace da haihuwar guguwa. Saura kwana uku zuwa biyar, a kan iya cewa za ta zo, kuma babba ce ko ƙarama. Ta 1993 an hango ta tun saura kwana biyar, abin da ya zama babbar nasara a lokacin. Saura kwana biyu ne adadin inci yake fara samun ma'ana. Amma ainihin garin da layin ruwa da dusa zai tsaya, da inda wani siririn zirin gajimare zai kafe yana zubar da inci biyu ko uku a sa'a, wannan sau da yawa sai guguwar ta fara muke ganinsa a na'urar rada. Iyakar ilimin ke nan a yau, kuma duk mai hasashe na gari zai gaya maka haka.

Abin da surukinku zai yi shi ne ya bar kallon lambar waya ya shiga shafin Hukumar Yanayi ta Amurka, weather.gov. Ofishin da ke kula da birnin New York yana Upton a Long Island, Albany kuma tana da nata ofishin, ya duba duka biyun. Idan guguwa ta kusa sukan fitar da taswira uku: adadin da suka fi zato, da mafi ƙanƙanta, da mafi yawa da ke iya faruwa. Na ƙarshen zai yi shiri da shi. Sanarwarsu ma hawa-hawa ce. Akwai ta a zauna cikin shiri, wadda kan fito kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, akwai ta gargaɗi idan abu ya tabbata. Mafi tsanani ita ce wadda ake fitarwa idan ana sa ran iska mai gudun kilomita 56 a sa'a tare da dusar da za ta hana ganin abin da ya wuce mita 400, na tsawon sa'a uku ko fiye. Wannan ba ta da alaƙa da yawan inci, maganar gani ce.

Jirgin

Dusar Maris jiƙaƙƙiya ce, mai nauyi. Ta tsakiyar hunturu kamar gari take, iska na hure ta. Ta Maris kuwa kamar kwaɓaɓɓen gari, duk abin da ta taɓa ta manne masa. A lissafin da aka saba, inci ɗaya na ruwa yana ba da inci 10 na dusa, amma a Maris yakan sauko zuwa 6 ko 7. Tsayinta ya ragu, nauyinta ya ƙaru. Ita ce ke karya rassan bishiya da wayoyin lantarki, ita ce kuma ke manne wa fukafukan jirgi.

Fiffiken jirgi ba ya son ko da siririn ɓawon ƙanƙara, domin yana ɓata yadda iska ke bi ta kansa ta ɗaga shi. Ranar 22 ga Maris 1992, kwana biyu da shigar sabon yanayi a kalanda, wani jirgin kamfanin USAir ya yi ƙoƙarin tashi daga filin jirgin LaGuardia na New York cikin dusa. An wanke masa fukafukai, amma ya daɗe a layi yana jiran izini, ƙanƙara ta sake taruwa. Ya faɗa ruwan Flushing Bay da ke gefen filin, mutum 27 suka rasu. Bayan wannan hatsari aka tsaurara dokokin wankin. Wanda ya taɓa zama kusa da taga a irin ranar ya ga yadda ake yi: mota mai dogon hannu ta matso, ta fesa ruwan magani mai zafi, mai launin ruwan lemo, ya wanke abin da ya taru, sannan ta bi da wani kore mai kauri da ke kwanciya a kan fiffike ya hana sabuwa kamawa. Koren yana da iyakar mintocin da yake aiki, gwargwadon ƙarfin zubar. Idan lokacin ya ƙare jirgi bai tashi ba, sai ya koma a sake. Ga kuma titin jirgin da dole a riƙa rufewa ana sharewa. Filin da ke sallamar jirage da dama a sa'a sai ya koma kaɗan.

Saboda haka kamfanoni ba sa jira. Tun 2010 Amurka ta kafa dokar cin tara mai tsanani ga kamfanin da ya bar fasinja cikin jirgi a ƙasa fiye da sa'a uku, daga baya aka sa sa'a huɗu ga jiragen ƙasa da ƙasa. Tun daga nan suka gwammace su soke tashi tun da wuri. Shi ya sa na ce jirgin bai dame ni ta fuskar hatsari ba. Idan yanayin bai yi ba, ba za su taso da ita ba, ko kuma su karkata zuwa wani filin. Yawanci ƙananan jiragen cikin gida ake fara sokewa, manyan da suka tsallako teku a ba su fifiko. Amma tafiyar Alƙahira zuwa New York wajen sa'a 12 ce, kamfanin zai yanke shawara ne bisa hasashen lokacin sauka, tun Hajiya tana hanya daga Kano ko tana zaune a Alƙahira. Nan ne matsalar take. Dattijuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ba Turanci, a ce mata jirgi sai gobe ko jibi, a wurin da ba ta san kowa ba.

Kada kuma a ɗauka washegarin guguwa komai ya koma daidai. A Janairun 2018, bayan guguwar ranar 4 ga wata, jiragen da aka jinkirta daga ƙasashen waje suka taso gaba ɗaya suka iske JFK ba wurin tsayawa. Fasinjoji suka yi sa'o'i cikin jirage a ƙasa, kaya suka yi kwanaki ba su haɗu da masu su ba. Kwana biyu bayan lafawa ya fi kwana ɗaya kwanciyar hankali.

Hanyar Albany

Daga JFK zuwa Albany wajen kilomita 260 ne, sa'a uku idan hanya ta yi kyau, mafi yawanta a kan babban titin I-87 da ke bin kwarin kogin Hudson. Direbobin motocin share hanya da na yi aiki da su ba su cika tambayata inci nawa ba. Tambayarsu ita ce ƙarfe nawa za ta fara, da ruwa za ta fara ko da dusa, kuma nawa a sa'a. Sun fi kowa gane abin. A Maris rana ta yi ƙarfi kamar ta ƙarshen Satumba, ko ta bayan gajimare tana ɗumama kwalta. Dusa mara ƙarfi da tsakar rana sai ta rufe ciyawa fari fat, titi kuwa ya tsaya baƙi a jiƙe. Wannan dusar dai, in ta sauka bayan magariba, sai ta kama titi. Idan kuma zubar ta kai inci biyu a sa'a, ko da rana ne ta fi ƙarfin kwalta, ta fi ƙarfin motocin sharewa, domin kafin mota ta zagayo inda ta share ya sake rufewa.

Maganar farawa da ruwa tana da muhimmanci. Kafin guguwa akan fesa ruwan gishiri a titi don kada dusa ta manne. Idan ruwan sama ya riga sauka, sai ya wanke shi, ko ma a fasa fesawar. Abin da ya faru ke nan a titin I-95 a jihar Virginia ranar 3 ga Janairu 2022: ruwa ya fara, dusa mai nauyi ta biyo, tireloli suka gitta, mutane suka kwana cikin motoci, har da Sanata Tim Kaine da ya yi sama da sa'a 24 a hanya. Guguwar Maris kuwa sau da yawa da ruwa take farawa.

Ga yadda tafiyar kan kasance a irin ranar, kuma shi ya sa take yaudarar mutane. Mutum ya fito daga JFK ana ruwan sama, titi a jiƙe kawai, ya ce ashe ba komai. Ya tsallake Hudson, ya wuce garin Suffern, hanya ta fara hawa tudu. Can sai ya ji ƙas-ƙas a gilashi, ruwan ya koma 'yan ƙanƙara. Kafin ya kai garin Newburgh ƙarar ta ɗauke, manyan fale-falen dusa suna manne wa gilashi, wayifa tana ja da ƙyar, farin layin titi ya ɓace, ba abin da yake bi sai jan fitilar motar gabansa. A lokacin ya yi nisa da New York, Albany kuma saura fiye da rabi. Gadoji sukan riga sauran titi daskarewa domin iska na bi ta ƙarƙashinsu. Kuma ka tuna surukin naku tafiya biyu zai yi, zuwa da dawowa. Yana iya kasa fitowa daga Albany ma tun farko, Hajiya ta sauka lafiya ta tarar ba mai tarbarta.

Shawarata

Yau kada ku taɓa tikitin. Ya yi wuri, kuma canji a yanzu da kuɗinku ne. Abin yi yau shi ne ku kira wanda ya yankar muku tikitin ku ji sharuɗɗan canji, ku tabbatar Kano zuwa New York duk a kan tikiti ɗaya yake, domin idan biyu ne daban kamfanin ba shi da alhakin haɗa mata tafiyar. Ku tabbatar lambar waya da imel ɗin da ke jikin tikitin na ɗayanku ne, ba na ejan kaɗai ba, don saƙon sokewa ya iso ku. Ku nema mata taimakon keken turawa a duka filayen. Ko da tana tafiya da ƙafarta, wannan na nufin akwai ma'aikacin da zai kai ta ƙofar jirgi, ya san da zamanta.

Ranar yanke shawara ita ce Asabar da dare zuwa Lahadi, kafin ta bar Kano. Idan a lokacin ofishin Upton ya fitar da sanarwar shiri ko gargaɗi da ta shafi JFK a sa'o'in saukarta, ni da mahaifiyata ce zan ɗaga tafiyar zuwa Alhamis ko bayanta. Kamfanoni da yawa sukan buɗe damar canji kyauta idan guguwa ta tabbata, ku tambaya. Idan su suka soke kuma kuka fasa tafiyar, dokar Amurka ta ba ku haƙƙin a mayar muku da kuɗi, amma ba ta tilasta musu biyan otal ba idan yanayi ne sanadi. Jaririn yana nan, jego kuma kwana arba'in ne. Jinkirin kwana biyu a ɗakinta a Kano ya fi kwana ɗaya a kan kujerar filin jirgi.

Idan kuwa hasashen ya nuna ruwan sama a New York, dusa a arewa, wanda shi ne ya fi yawan faruwa a wannan watan, to ta taso abinta, amma a raba tafiyar biyu. Surukinku ya gangaro tun Litinin kafin guguwar, ya tarbe ta Talata, su kwana a birni. Akwai Hausawa da dama a Bronx, da wuya a rasa gidan ɗan'uwa ko na abokin arziki, in ba haka ba a kama otal tun yanzu, irin wanda ake iya fasawa ba asara, domin ranar guguwa ɗakunan kusa da filin jirgi ƙarewa suke. Laraba da hantsi, bayan an share hanya rana ta fito, su kama hanya. Kada su yi sammako, domin abin da ya narke jiya yakan daskare cikin dare ya zama siririn gilashi da ido ba ya gani a kan kwalta. Ya bi I-87, ya bar titin Taconic ko da manhajar taswira ta ce ya fi sauri, saboda ƙunci da lanƙwasa da hawa da gangara. Kafin ya tashi ya duba shafin 511NY, inda jihar ke nuna halin hanyoyi da kyamarori. Akwai kuma jirgin ƙasa na Amtrak daga tashar Penn a birnin New York zuwa tashar Albany-Rensselaer, wajen sa'a biyu da rabi. Ya fi mota jure dusa, ko da yake shi ma akan rage zirga-zirgarsa idan guguwa ta yi tsanani ko bishiyoyi suka faɗo kan layi.

A motar ya cika tanki, ya sa bargo da ruwan sha da abin kankare gilashi da ƙaramin shebur. Idan Allah ya sa suka maƙale, su zauna cikin motar, ya riƙa kunna inji na ɗan lokaci don ɗumi, amma kowane karo ya fita ya tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba, domin hayaƙin da ke komawa ciki ba shi da wari kuma yana kisa. Ita kuma Hajiya, magungunanta na kwana uku ko huɗu su kasance a jakar hannu, ba cikin akwati ba, tare da cajar waya da takarda mai ɗauke da sunanta, da lambobinku, da adireshin Albany da Turanci. Ya zo mata da babbar rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe mai kama ƙasa har cikin zauren tarba. Silifas ko takalmin fata mai santsi a kan daskararren dakali shi ne hatsarin da na fi ji wa tsofaffinmu tsoro, domin karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Daga ƙofa zuwa mota ya riƙe hannunta.

Abin da ba zan iya yi muku daga nan ba shi ne in ce ga abin da zai sauka ranar Talata, don a yau ko ofisoshin da ke can ba su kai ga haka ba. Ranar Lahadi da safe agogon New York, surukinku ya buɗe hasashen sa'a-sa'a na JFK, da na Newburgh, da na Albany, ya ɗora lokacin saukar jirgin a kai, ya ƙara sa'a biyu na shige da fice da ɗaukar kaya. Ya kuma lura cewa a Lahadi ta biyu ta Maris ake tura agogon Amurka gaba da sa'a ɗaya, tazararsu da Kano ta koma sa'a biyar maimakon shida, kada lissafin lokacin kiran waya da na tarba ya rikice muku.